Kai Dattawa Hutu Masar Bayan Likita Ya Hana Su Nama

Yawancin jadawalin da kamfanonin yawon buɗe ido ke turo wa iyali, da matasa a zuciya aka tsara shi: a tashi ƙarfe huɗu na asuba, a zaga wuri huɗu kafin azahar, a ci abin da aka samu a hanya. Iyalin da 'ya'ya suka haɗa kuɗi don su kai Baba da Hajiya su sha iska, ga Baba likita ya raba shi da nama, ga Hajiya gwiwa ta hana ta hawan bene, in suka karɓi irin wannan jadawali yadda yake, wahala suka saya da kuɗinsu. Kuma abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne dattijo ba ya kuka da bakinsa. A tambaye shi ko ya gaji, sai ya ce, "Ba komai, ku dai mu je." Kawaici ne, balle in da suruki a wurin. Don haka dole wanda ya ɗauki nauyin shirin ya yi lissafin gajiyar tun daga gida.

Masar na cikin ƙasashen da suka fi dacewa da irin wannan tafiya. EgyptAir na tashi daga Kano zuwa Alƙahira kai tsaye, tafiyar ba ta kai awa biyar ba, babu zaman jiran canjin jirgi a wata ƙasa. Masallaci ba ya wuyar samu. Sannan abincin yau da kullum na Bamasare, tun asali ba a kan nama aka gina shi ba.

Da safe akwai ful, wake ne manya da ake dafawa dare guda har ya yi luguf, a zuba masa mai da lemun tsami, a ci da gurasa. Akwai ta'amiyya, 'yar'uwar ƙosai, sai dai ita kore ce a ciki saboda ganyen da ake niƙa ta da shi. Da rana akwai koshari: shinkafa da taliya da adas, miyar tumatir a sama, soyayyar albasa a kai. Ga gasasshen gauta da aka dama da riɗi, ga miyar adas mai ɗumi da ta dace da wanda haƙora suka yi wa ƙaranci. A Aswan kuwa zoɓo ne abin tarbar baƙo, suna ce masa karkade.

Sai dai a nan ne ake yawan kuskure. "Ba ya cin nama" magana ce guda, amma dalilanta daban-daban ne, kuma dalilin shi ke nuna abin da za a sa a faranti. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, wake da adas da tumatir ma ba a sakar masa su ba, saboda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu; likitansa ne zai faɗi iyakar abin da zai ci. Mai ciwon suga, kwanon koshari guda ya tara masa shinkafa da taliya wuri ɗaya, rabinsa ya ishe shi. Mai hawan jini ya yi nesa da torshi, wato kayan lambun da ake jiƙawa a ruwan gishiri, wanda ake ajiyewa a kusan kowane teburi ba tare da an tambaya ba.

Akwai kuma wani haɗari da mutane ƙalilan suka sani. Ƙarancin sinadarin G6PD a jini abu ne da ake gado, ya kuma yawaita a Afirka ta Yamma, musamman a tsakanin maza. Wanda ke da shi, waken ful na iya fasa masa ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Ta'amiyyar Masar ma da wannan waken ake yin ta. Gwajin jini mai sauƙi kafin tafiya ya isa ya raba gardama, kuma ya kamata a yi wa jikoki maza da za a tafi da su.

Abincin da ido ke gani kamar ganye zalla ma, sai an tambaya. Mulukiyya, wadda ganyen lalo ce, galibi da romon kaza ko na zomo ake kaɗa ta. Mahshi, kayan lambun da ake cusa wa shinkafa, sau da yawa a cikin romo yake dahuwa. Cewa "min ger lahma", wato ban da nama, ba ya hana romo shiga, domin mai dafawa ba ya lissafa romo a nama. Abin da ya fi aiki shi ne a nemi abincin "siyami". Kiristocin Kibɗawa na Masar suna kaurace wa nama da madara da ƙwai fiye da rabin kwanakin shekara, har da kwana 43 kafin bikin Kirsimetinsu na 7 ga Janairu, saboda haka masu gidajen abinci sun san kalmar sarai. A lura dai, a wasu ranakun kifi kan shiga ciki. Ya fi kyau a sa wani ɗalibi mai Larabci ya rubuta bukatar Baba a 'yar takarda, a riƙa miƙa wa mai kawo abinci.

Lokacin tafiya ba shi da wuyar zaɓa: Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafin Luksor da Aswan kan haura maki 40, daga Maris zuwa Mayu kuma iskar hamsin na tayar da ƙurar da ke takura mai asma. A tafi da rigar sanyi, daren Alƙahira a Janairu ba wasa ba ne.

Ginshiƙin tafiyar ya zama jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da ke bin Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan, dare uku ko huɗu. Alherinsa shi ne kaya sau ɗaya ake kwancewa. Hajiya na zaune a inuwa da shayinta, gonakin rake da dabino na wucewa a gabanta, matasa sun fita ganin tsohon haikalin Edfu, kowa ya samu abin da yake so. Amma a yi tambaya biyu kafin a biya ko sisi. Na farko, da yawan jiragen nan hawa huɗu ne ko biyar kuma ba su da lif, ɗakin cin abinci na ƙasa, wurin shan iska na can sama. A nemi mai lif, ko ɗakin da ke hawa ɗaya da ƙofar shiga. Na biyu, a tasha jiragen kan jeru ne gefe da gefe, sai mutum ya ratsa ta cikin uku ko huɗu, yana tsallake dokin ƙofa, kafin ya taka siririn katakon da zai kai shi tudu. Mai sanda na bukatar jika ɗaya a gaba, ɗaya a baya.

Wuri ɗaya a rana ya wadatar, da safe, a dawo kafin azahar a yi ƙailula. Tsohon haikalin Kom Ombo na dab da inda jirgi ke tsayawa. A Kwarin Sarakuna akwai 'yan motocin lantarki da ke kai mutane kusa da kaburburan sarakunan, amma wasu na da gangara mai tsanani, sai a bar wa ɗan jagora ya zaɓi mai sauƙi guda. Haikalin Abu Simbel kuwa, kusan kilomita 280 ne daga Aswan, fiye da awa uku a mota kowane zuwa, kuma tun kafin asuba ake kama hanya. Kyawunsa bai kai a jefa mai shekara 75 cikin wannan ba. A Alƙahira, dalar Giza daga waje ake kallon ta, domin shiga ciki sai an duƙa ana hawa. Masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, shi ne wurin da dattawa da yawa za su fi ɗokin gani, kuma da hantsi ya fi sauƙi, kafin cunkoson kasuwar Khan el-Khalili ya kankama.

Sauran aikin na takarda ne. A sanar da kamfanin jirgi bukatar keken tura mara lafiya da abinci marar nama aƙalla awa 48 kafin tashi. Masar na neman katin rigakafin zazzaɓin shawara daga masu zuwa daga Najeriya. Tun 2016 allura ɗaya ta isa har abada, don haka a nemo tsohon katin, wanda kuma ya haura shekara 60 bai taɓa yi ba ya fara ganin likita. Magani ya zauna a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da wasiƙar likita, insulin kuma kada ya shiga cikin kayan awo inda sanyi zai lalata shi. A duba jakar Hajiya da kyau saboda tramadol: a 2017 kotun Masar ta yanke wa wata 'yar Birtaniya hukuncin shekara uku a kan ƙwayoyinsa da ta shiga da su. Inshorar lafiya ta ambaci ciwon da dattijon ke da shi da sunansa, in ba haka ba ranar bukata kamfanin zai iya zamewa.

Mai cin kayan lambu ya fi kowa fuskantar ɗanyen salak, shi ne kuma hanyar gudawa mafi sauƙi. A tsaya ga dafaffe mai zafi, 'ya'yan itacen da aka ɓare da hannu, ruwan gora, ban da ƙanƙara. A sa ƙullin gishiri da suga na ORS a jaka. Idan gudawa ta kama dattijon da ke shan maganin sa fitsari ko metformin, kada a jira gari ya waye, a nemi likita nan take.