Mas'alar Girgizar Gaban Mota da Hanyar Binciken Sababinta

Akwai wata illa da ke kama motocin da aka ƙera domin shiga daji da ratsa rairayi da hawan duwatsu, wadda direban da ta taɓa kamawa ba ya bukatar a siffanta masa ita. Mota tana tafiya lafiya lau bisa kwalta, gudunta tsakanin kilomita 60 da 100 a awa, sai ƙafar gaba ɗaya ta faɗa ɗan rami ko ta taka mahaɗar gada, nan take sitiyari ya shiga fizgar hannu dama da hagu, gaban mota duka ya ɗauki kaɗawa har ƙofofi suna ƙara, kuma ba za ta lafa ba sai an rage gudu ƙwarai, wani lokaci ma sai an tsaya cik. Wanda abin ya same shi a hanya, wajibi ne ya riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, ya ɗauke ƙafa daga totur, ya riƙa taka birki sannu sannu har ya sami gefen hanya, domin birkin firgici a wannan hali yana iya raba shi da ikon mota baki ɗaya.

Kafin a shiga magani, ya kamata a rarrabe wannan illa da 'yan uwanta biyu, domin yawancin asarar kuɗi daga cakuɗa su take farawa. Idan sitiyari yana ɗan rawa a wani gudu ayyananne, ya daina da zarar an wuce shi, galibi tayoyi ne ba a yi musu balansin ba. Idan kuwa rawar ba ta zuwa sai an taka birki, to, faifan birki ne ya karkace. Amma wadda muke magana a kanta, alamarta ita ce rami ke tayar da ita, kuma da ta tashi sai ta riƙa ciyar da kanta.

Ba kowace mota take kamawa ba. Gidanta shi ne motocin da ƙafafunsu na gaba suke haɗe bisa gangariyar aksul ɗaya, irin su Jeep Wrangler, da tsofaffin samfuran Land Rover Defender da Nissan Patrol, da manyan motocin ɗaukar kaya na Ford da Dodge a Amurka, da Land Cruiser 70 wadda aka fara ƙerawa a 1984, da Land Cruiser 80 ta shekarun 1990. Hilux na zamanin nan da Prado, da yake kowace ƙafa tasu ta gaba tana motsi ita kaɗai, ba safai suke haɗuwa da ita ba. Hikimar abin kuwa ita ce, da yake ƙafafun biyu ƙarfe ɗaya ya haɗa su, abin da ya bugi ta hagu ya bugi ta dama. Kuma a motocin da ke da sifirin mai naɗi, babu abin da ke hana aksul ɗin zamewa gefe sai wata sanda guda da aka gicciya, kanta ɗaya a jikin shasi, ɗayan a jikin aksul. Muddin aka sami sako-sako a bakin wannan sanda, ko da na milimita ɗaya ko biyu ne, to, rami zai ture aksul gefe, zamewar za ta ja sandar sitiyari ta juya tayoyi, tayoyin su kama ƙasa su mayar da aksul ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, haka abin zai yi ta komawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

A nan ne nake so in tsaya in yi nasiha, domin a nan ake yawan kuskure. Akwai wani ɗan shakazoba da ke kwance a jikin sandar sitiyari, aikinsa sassauta bugun da ke isowa hannun direba, kuma shi ne abin da akasarin masu gyara ke fara canzawa, wasu har su ɗaura biyu. Sau da yawa girgizar takan yi shiru bayan haka, mai mota ya tafi yana godiya, alhali kuwa rufe gyambo da tsumma aka yi, ƙarfen da ya ci yana nan yana ƙara ci, har ranar da sabon shakazoban zai gaji, illar ta dawo fiye da da. Gaskiya ne kamfanin da ke ƙera Jeep ya canza wa masu Wrangler na 2018 da 2019 wannan shakazoba bayan ƙorafi ya yawaita, kuma ban ce ba shi da amfani ba. Abin da nake cewa shi ne a bar shi ya zama na ƙarshe a jerin bincike. Motar da gabanta yake ɗaure sosai, tayoyinta kuma lafiyayyu, ba ta dogara da shi wajen tafiya daidai.

Hanyar tahƙiƙi kuwa ba ta bukatar na'ura, mutum biyu da fitila sun wadatar. A ajiye mota a ƙasa mai daidai, tayoyinta huɗu suna ɗauke da nauyinta, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya. Mutum ɗaya ya zauna ya riƙa juya sitiyari kaɗan kaɗan dama da hagu ba tsayawa, ɗayan ya kwanta a gaba yana bin kowace mahaɗa da ido, ya kuma ɗora yatsunsa a kanta, domin yatsa yana jin abin da ido ba ya gani. A fara da sandar da aka gicciya. Idan kan noti yana motsi a jikin maƙalinsa, ko robar bushin tana tsagewa tana leƙowa, ko aka ji wani ɗan "ƙas" a kowace juyawa, an kama babban wanda ake tuhuma. A kwance kusar a duba raminta, domin kusar da ta daɗe tana wasa takan cinye ramin ya koma mai tsawo kamar ƙwai, sa'an nan ko an ɗaure ta da iyakar ƙarfi ba za ta zauna ba sai an yi wa maƙalin walda an gyara ramin. A duba waldar maƙalin kansa. A 2018 an janye wasu Wrangler sababbi saboda raunin walda a daidai wannan wuri. Daga nan a bi kawunan tayarod, da sandar da ta taso daga akwatin sitiyari, da kusoshin da suka riƙe akwatin, a goge shasi a gewayensa a nemi tsaga, musamman a Land Cruiser 80 da ta daɗe tana cin gargada. Mai sifirin na faranti ya duba kusoshin da suka rungume aksul da bushin na kawunan faranti.

Sa'an nan a ɗaga ƙafa ɗaya da jak, a tokare da abin da ba zai zame ba, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan yana nuni ga boris na wili ko bolojoyin. Ga masu Land Cruiser da Defender akwai ƙarin bayani, domin su guiwar ƙafarsu tana juyawa ne bisa wasu ƙananan boris biyu, na sama da na ƙasa, waɗanda aka matse da wani ƙiyasi ta hanyar siraran faranti; idan matsin ya saki saboda tsufa ko shigar ruwa da yashi cikin giris, ƙafar takan yi sakayau ko da hannu bai ji motsi ba. Gwajinta shi ne a cire tayarod a ja hannun guiwar da ɗan ma'auni mai ƙugiya, a gwada da adadin da littafin motar ya faɗa.

Tayoyi su ne masu tayar da fitinar ko da ba su ne asalinta ba. A mayar da na baya gaba a gwada. A kankare busasshen taɓon da ya manne cikin wili. A duba ko wilin ya lanƙwashe ko tayar ta yi ƙulu. A daidaita iska. Mai sayen tsohuwar taya ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta, domin 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Saura mas'alar waɗanda suka ɗaga motarsu suka sa manyan tayoyi. Ƙafar gaba tana da wata 'yar karkata zuwa baya, wadda ita ce ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana, kuma a Wrangler na 2007 zuwa 2018 kimanin digiri 4 ce. Ɗaga mota yana murɗa aksul ya rage wannan karkata, ya kuma ja aksul ɗin gefe ɗaya, babbar taya kuwa ta ninka wa kowace mahaɗa wahala. Saboda haka wanda ya ɗaga, ya zama lazimi a kansa ya mayar da karkatar da hannuwa masu daidaituwa ko maƙalai na gyara, ya kuma je a auna alaimen, a daidaita gaban tayoyin bisa adadin da littafin motar ya faɗa.

Idan an sami wuri ɗaya da ya ci, kada a tsaya a kansa, domin girgiza guda mai tsanani tana iya lalata abin da yake lafiyayye jiya, kuma sau da yawa ƙananan sako-sako uku ko huɗu ne suka taru suka haifar da ita. Wajen mayarwa, kada a ƙarasa ɗaure kusoshin bushin mota tana bisa jak. A sauke ta nauyinta ya zauna tukuna, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta mutu da wuri. A yi amfani da sifana mai ma'auni, domin kusar sandar nan da aka gicciya a Wrangler na 2007 zuwa 2018 tana son kimanin Nm 169, adadin da hannu kaɗai ba ya iya kintata. A ja layin fenti daga kan noti zuwa maƙalinsa, bayan tafiyar mako guda a leƙa a ga ko layin ya rabu.