Yadda Ake Ceto Bayanai Daga Faifan Injin Fotokwafi Idan Ya Lalace

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da wuya a sami wanda bai taɓa tsayawa gaban injin fotokwafi ba, ko don takardar haihuwa, ko sakamakon jarrabawa, ko takardar fili. Mukan miƙa takarda, a ba mu kwafi, mu biya mu tafi, muna zaton magana ta ƙare ke nan. To, ba ta ƙare ba. Galibin manyan injinan ofis na zamani suna da faifan ajiya a cikinsu irin na kwamfuta, kuma hoton takardar da aka sa musu yakan zauna a kan wannan faifai. Nufina a nan in bayyana yadda faifan yake, da abin da ke lalata shi, da yadda ake ceto abin da ke cikinsa, kamar yadda na koya a shagon kawuna, mai gyaran injinan ofis, a lokacin dogon hutu.

Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya fara gano dabarar yin kwafi da haske da busasshiyar tawada a shekarar 1938, sa'an nan kamfanin Xerox ya fito da injinsa mai lamba 914 a 1959. Injinan wancan zamani ba sa riƙe kome, da an ɗauke takarda shi ke nan. Amma daga wajen shekarar 2002 yawancin manyan injinan da ake ƙerawa sun zama kwamfuta a cikin rigar injin kwafi. Injin yakan ɗauki hoton takarda, ya ajiye a faifai, sa'an nan ya buga. Shi ya sa yake iya buga kwafi ɗari daga ɗauka ɗaya, ya kuma jera shafuna bi da bi. Har wa yau akwai ma'aikatan da ke ajiye muhimman takardu a cikinsa da gangan, su mai da shi kamar akwatin fayil.

Shi faifan ajiya ɗan akwatin ƙarfe ne, wani bai wuce tafin hannu ba. A cikinsa akwai fayafai na alminiyam ko gilashi da aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma wani ɗan hannu mai allura a baki, kamar ta garmaho, wadda ke rubutu da karatu. Bambancinta da ta garmaho shi ne ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iska, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Ƙwayar ƙura ɗaya a wurinta kamar dutse ne a tsakiyar hanya. Na farkon da kamfanin IBM ya yi a 1956 fayafai hamsin gare shi, faɗin kowanne ƙafa biyu, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta yau ba.

Lalacewar faifai iri uku ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce rikicewar lissafi. Ku ɗauki faifan kamar ɗakin karatu na makarantarmu: akwai littattafai a kan kanta, akwai kuma rajistar da ke nuna inda kowanne yake. Idan aka ɗauke wuta injin yana tsakiyar rubutu, rajistar tana iya hargitsewa, injin ya ce bai ga kome ba, alhali littattafan suna nan daram. Haka nan idan aka goge takarda, sunanta kawai ake sokewa daga rajista, ita kuwa tana nan sai ran da aka rubuta wani abu a kanta. Wannan shi ne sirrin dukan aikin ceto.

Ta biyu ita ce ƙonewar allon lantarki da ke maƙale a bayan faifan, wanda yakan faru idan wuta ta dawo da ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle. Ta uku, wadda ta fi muni, ita ce lalacewar allura ko motar da ke juya fayafan. Alamarta ita ce a ji faifan yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana kuka kamar ana niƙa.

Wata rana wani akawu ya zo shagon hankalinsa a tashe. Injin ofishinsu ya ƙi tashi, ga shi takardun ɗaukar ma'aikata da na ƙarin girma duk a cikinsa aka ajiye hotunansu, na ainihi kuwa gara ta cinye da yawa a sito. Akwai masu shirin barin aiki da ba za su sami kuɗin sallama ba sai da waɗannan takardu. Ya ce, "Malam, tun safe nake kunnawa ina kashewa ko zai tashi." Kawu ya ce, "Malam Akawu, kada ka ƙara kunna shi ko sau ɗaya. Sauri ya haifi nawa." Daga nan na ga matakan aikin ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na farko, a kashe injin a zare shi daga wuta. Faifai marar lafiya kowane juyi yana ƙara masa rauni, kuma injin da kansa yana iya rubuta sabon abu a kan tsohon da ake nema.

Na biyu, a tabbatar faifan ne ya lalace. Akan duba lambar da injin ya nuna a fuskarsa, a nemi ma'anarta a littafin gyara, domin wani lokaci waya ce kawai ta saki.

Na uku, a cire faifan a hankali, a haɗa shi da kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai barin a karanta amma ta hana a rubuta. Sau da yawa kwamfuta ba ta gane tsarin faifan injin kwafi, sai ta tambaya ko ta share shi ta shirya shi sabo. Wanda ya amsa da i, da hannunsa ya ƙara wa borno dawaki, watau ya ƙara aiki a kan aiki.

Na huɗu, kuma shi ne uwa uba, a kwafe faifan gaba ɗayansa zuwa wani lafiyayye kafin a nemi ko takarda ɗaya. Kawu yana aiki da wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue. Dabararta ita ce ta fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauƙi, ta tsallake masu wuya tana rubuta inda suke, sa'an nan ta komo kansu daga baya. Kamar mai kwashe kaya ne daga ɗakin da ke shirin rushewa, yakan fara da abin da ke bakin ƙofa. Na akawun nan kwana biyu ya yi yana kwafuwa. Na ƙosa, sai kawu ya ce mini, "Kai yaro, mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Na biyar, a ajiye marar lafiyan gefe, a yi aiki a kan kwafin. Idan rajistar ta gyaru, to madalla. Idan ba ta gyaru ba, akwai manhaja irin su PhotoRec da ke bin faifan daga farko har ƙarshe suna neman shaidar kowace takarda, domin kowane irin fayil yana da tambarin da yake farawa da shi. Alal misali, fayil ɗin PDF yana farawa da %PDF. Sai dai takardun sukan fito ba suna, ba tsari. Akawun nan ya sami yawancin takardunsa, amma sai da ya zauna yana buɗe su ɗaya ɗaya yana sa musu suna.

Idan allon lantarki ne ya ƙone, akan nemi irinsa sak, a ciro wata 'yar ƙwaya daga tsohon a dasa a sabon, domin a cikinta ne ma'aunin wannan faifai yake. Idan kuwa allura ce, aikin ya fi ƙarfin shago. Sai a ɗaki na musamman da ake tace iskarsa, inda gwanaye ke sauya allura, kuma aiki ne mai tsada. Don haka kada kowa ya buɗe faifai a gida, kada ya bubbuga shi, kada kuma ya sa shi a firji kamar yadda wasu ke faɗa, domin raɓa za ta kwanta a kan fayafan.

Ya kamata mu sani ba kullum ake dacewa ba. Idan allura ta kankare bayan faifai, abin da ke wurin ya zama ƙura har abada. Wasu injina suna rubuta lambobin banza a kan kowane hoto da zarar sun gama bugawa. Wasu kuma suna kulle kome da mabuɗin sirri da ke cikin injin, saboda haka ko an kwafe faifan ba ya karantuwa a kwamfuta, sai dai a gwada mai da kwafin cikin injin da ya fito.

Yanzu sai mu dubi ɗaya gefen. Hanyar da mai gyara ke bi ya ceci takarda, ita ce ɓarawo zai bi ya sace ta. A shekarar 2010 gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injina huɗu a wani sito a jihar New Jersey, kowanne wajen dala 300. Da aka ciro fayafansu aka sami dubban takardu, har da na 'yan sandan birnin Buffalo, da bayanan marasa lafiya na wani kamfanin inshorar lafiya mai suna Affinity Health Plan. A 2013 kamfanin ya biya gwamnatin Amurka dala 1,215,780, saboda abin ya shafi mutane har 344,579. Mu ma abin ya shafe mu, domin da yawa daga injinan shagunanmu na gwanjo ne, kuma ofisoshinmu sukan sayar da nasu in sun tsufa. A 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Saboda haka ga shawarata ga iyayenmu masu aikin ofis da mu da za mu gaje su. Kada a mai da injin kwafi rumbu. Duk takarda mai muhimmanci a yi mata kwafi uku, a ajiye ɗaya a wani gini dabam, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A sa wa injin na'urar daidaita wuta. Idan ya fara baƙon kuka, a kashe shi a kira gwani. Idan kuma za a sayar da shi, a sa mai gyara ya share faifan sarai, ko a cire shi a farfasa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu ikon aiki da abin da muka karanta.