Tsohuwar mota mai yawan lalacewa: aibi ne?

Motocin haya na Matankari tsofaffi ne. Da yawa daga Kotonu aka kawo su, ta hanyar Gaya.

Ba kowace lalacewa ce aibi ba. Taya, batir da burki, aiki ke cinye su. Gyaransu na wuyan mai saye.

Amma ga inji mai zafi kullum. An gyara a Dogon Dutsi, ya sake. In ciwon ya riga ciniki, kuma an ɓoye shi, wannan aibi ne. A Malikiyya, mai saye na iya maida mota, ya karɓi kuɗinsa. Dokar ƙasa ma ta yarda.

Sai dai kada ya jinkirta. In ya gane aibin, ya ci gaba da ɗaukar fasinja, a Malikiyya ya yarda ke nan. Ya nemi makaniki shaida, ya aje takardun gyara.