Harshen Sanarwar Ƙaramar Hukuma a Kafafen Sada Zumunta: Misali Daga Sabon Birni da Isa

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda ƙananan hukumomi ke isar da saƙo ga jama'a ta kafafen sada zumunta na intanet, tare da la'akari da harshe da al'adar waɗanda ake yi wa sanarwar. An ɗauki misali daga Sabon Birni da Isa, ƙananan hukumomi biyu da ke ƙasar Gobir a jihar Sakkwato.

2.0 Kafa da Al'ada

Kowace hukuma kan bi jama'arta zuwa kafar da suka saba da ita. A Japan, hukumomin birane kan yi amfani da LINE, a Sin kuwa da WeChat. A ƙasar Hausa, Facebook da WhatsApp ne suka fi karɓuwa.

Sai dai samun kafa daban, isar saƙo daban. Bagobiri ya gaji karɓar sanarwa da kunne, daga bakin sankira ko limami ko mai unguwa, kuma yakan auna maganar da darajar wanda ya faɗe ta. Saboda haka sanarwar rigakafi ko rabon taki da aka rubuta da Ingilishi ba ta cika wuce ma'aikata da 'yan boko ba. Saƙon murya na WhatsApp ya fi nisan zango, musamman idan an yi shi da karin harshen yankin, inda ake cewa "tahi" da "biyat" a maimakon "tafi" da "biyar". Wannan ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Bai kamata malami ya koya wa ɗalibi raina ta ba.

3.0 Raunin Kafar

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, saboda ta'addancin 'yan bindiga. Hanyar da ake son toshe wa ɓarayin daji ita ce kuma hanyar da talaka ke samun gargaɗi. Mazauna bakin iyaka suka koma neman layukan Jamhuriyar Nijar, hukuma kuma ta dogara ga rediyo da hakimai da masallatai.

Akwai kuma matsalar ji-ta-ji-ta. Saƙon murya ba ya ɗauke da hatimi, don haka wajibi ne mai sanarwa ya ambaci sunansa da muƙaminsa da kwanan wata tun daga farko.

4.0 Auna Fahimta

Tsara sanarwar buɗe makarantun firamare da daidaitacciyar Hausa, sannan ka mayar da ita saƙon murya da karin harshen garinku. Waɗanne kalmomi ne suka sauya, kuma don me?