Darasin Lafiya: Gaskiyar Magana Game da Rufin Tangaran na Haƙori

Kowa ya san haƙorin Makka, wato rufin zinariya ko azurfa da ake sa wa haƙori. Yau za mu yi nazarin wani rufi dabam, wanda samari da ƴan mata ke gani a bakin ƴan wasa cikin talabijin da salula. Da tangaran ake yin sa, fari fat, kuma kaurinsa bai wuce na farce ba. Ana liƙa shi a fuskar haƙoran gaba. Likitoci na kiransa "faset" da Faransanci. Wani likitan Amurka mai suna Charles Pincus ne ya fara yin irinsa a 1928, domin ƴan wasan silima.

Ga maganganu 4 da muke ji waɗanda ba daidai ba ne.

1. Ana cewa rufin yana warkar da ciwon haƙori.
A'a. Rufi ado ne, ba magani ba. In haƙori ya ruɓe, ko dasashi na zubar da jini, sai an warkar da ciwon tukuna. In aka rufe ruɓa, za ta ci gaba da cin haƙorin daga ciki har ta kai ga jijiya.

2. Ana cewa in mutum ya gaji da shi, sai ya cire kawai.
Wannan shi ne kuskure mafi girma. Kafin a liƙa rufin, galibi sai likita ya kankare farin ɓawon haƙori kamar rabin milimita. Ɓawon nan ba ya sake tohowa kamar gashi ko farce. Haƙorin da aka kankare zai buƙaci rufi har ƙarshen rayuwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fid da shi.

3. Ana cewa ba ya lalacewa har abada.
Yakan yi shekara 10 zuwa 15 in an kula da shi, daga nan a sake wani, a sake biyan kuɗi. Tangaran yana da ƙarfi, amma yana tsagewa. Mai rufi kada ya fasa ƙashi ko ƙwallon dabino da haƙoran gaba, kada kuma ya buɗe kwalba da su.

4. Ana cewa mai rufi ya huta da wankin baki.
Ko kusa. Tangaran ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke bayansa yana ruɓewa. Goro da taba kuma suna rina gefen rufin. Sai a riƙa goge baki safe da dare, da buroshi mai laushi ko asawaki, a hankali.

To, wa rufin ke amfana? Mai haƙorin da ya ɗan ɓantare, ko mai tabon da ba ya fita da wanki. Wani tabon daga ruwan sha yake zuwa. Mun tuna yaran Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, waɗanda ruwan da sinadarin fulor ya yi wa yawa ya ɓata wa haƙora da ƙasusuwa, daga 1985 zuwa wajen 2000. Irin wannan tabo ba ƙazanta ba ne, kada mu yi wa mai shi dariya. Kuma gurza shi da gawayi ko toka sai ƙara cinye ɓawon haƙori.

Shawararmu ita ce: kada mu bari kowa ya kankare mana haƙori sai likitan haƙori mai takardar shaida. Kafin a fara, mu tambaye shi ko akwai hanyar da ta fi sauƙi, da kuɗin aikin, da kuɗin sabuntawa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji:
1. Me ya sa ba a rufe ruɓaɓɓen haƙori?
2. Ɓawon haƙori yana sake tohowa?
3. Waɗanne tambayoyi za mu yi wa likita?