Filin Manoma: Masaukin Baƙi A Gidan Gona

A ƙasashen Turai akwai wata sana'a da manoma ke haɗawa da noma, watau saukar da baƙi a gona. Mutumin birni ya kan kwashi iyalinsa lokacin hutun makaranta, su tafi ƙauye su kama ɗaki wurin manomi, su ci abincin gonar, su biya. A Faransa an kafa ƙungiyar masu irin waɗannan gidaje a 1955. A Italiya kuwa har doka aka yi musu a 1985, wadda ta ce noma shi ne babban aiki, saukar baƙi ya biyo baya.

Bahaushe ya daɗe da sanin masauki, tun zamanin fatake. Saboda haka manomin Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun zai iya wannan sana'a, don kuwa yana da abin nunawa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, an shirya ta ne don ta shayar da hekta 23,000 a waɗannan ƙasashe uku. Da rani, sa'ad da daji ya bushe, a nan a kan ga shinkafa da tumatir kore shar. Yaron Gusau ko Sakkwato wanda bai san shinkafa ba sai a buhu zai ƙaru ƙwarai da ganinta a tsaye. Amma wanda ya sauki 'ya'yan wani ya ɗauki amana, kuma amanar tana da sharuɗɗa biyar.

Na farko, tsaro. Ba a manta ba a Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, a watan Agusta kuma suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka tafi da mutane. Don haka kada a gina ɗakin baƙi can cikin daji. A yi shi cikin gari ko a gefensa, a riƙa kai baƙi gona da hantsi, a komo kafin la'asar sakaliya. A sanar da mai unguwa da jami'an tsaro duk baƙon da zai kwana. In hanya ba ta da lafiya, mai masauki ya aika wa baƙonsa ya dakata. In gari bai kwanta ba, a jingine maganar duka, a yi ta shiri har Allah ya kawo sauƙi.

Na biyu, ruwa. Yara na son wanka a magudanar ruwan noman rani, alhali kuwa a nan tsargiya take. Ƙwayar cutar tana girma cikin katantanwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, bayan 'yan makonni yaro ya soma fitsari da jini. Banda wannan, ga haɗarin nutsewa. Kada a bar yaro ya sauka magudana ko bakin madatsa shi kaɗai. Ruwan sha a ɗebo daga rijiya mai murfi ko famfo, a tafasa. Shadda ta yi nesa da rijiya kamar mita 30, wajen taku 40 ke nan, ta kuma kasance a gangare da ita. Inda ruwa ke kwanciya sauro ba ya ƙarewa, saboda haka kowane gado a ɗaura masa gidan sauro.

Na uku, tsarin gida. Ɗaki biyu sun isa mafari, ɗaya na mata da ƙananan yara daga ciki, ɗaya na maigida kusa da zaure, da makewayi mai katanga da wurin salla. Turken shanu da akurkin kaji su yi nesa, don ƙuda da wari. Maganin ƙwari da takin zamani a kulle su a ɗaki dabam, kada kuwa a zuba ragowar magani a kwalbar lemo, yaro na iya ɗauka ya sha. Gonar da aka yi wa feshi ba a shiga da baƙi sai kwanakin da aka rubuta a jikin gwangwanin sun cika.

Na huɗu, abinci. Baƙo bai zo neman abincin birni ba. Tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa, da fura da nono, da gasasshiyar masara, su ya zo nema. Sai dai madara lalle a tafasa ta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka da cutar nan da ke sa shanu ɓari.

Na biyar, lissafi. Kada manomi ya sayar da shanun huɗa ko ya ci bashi don ya gina masauki. Baƙi ba kullum suke zuwa ba, lokacinsu hutun Disamba da bayan salla. Ya fara da ɗakin da yake da shi, ya rubuta abin da ya kashe kan abinci da itace da sabulu, ya faɗi kuɗin kwana tun baƙo bai taso ba. Riba ta fi yawa ga abin da baƙo zai saya ya tafi da shi, kamar shinkafa da albasa da ƙwan zabi, a kan kuɗin da ya fi na dillali.

Wanda ya kiyaye waɗannan ya sami ƙarin abin masarufi, gonarsa kuma ba ta kwana ba. Mako mai zuwa za a yi bayanin yadda ake gina shadda mai murfi. Allah ya ba da zaman lafiya da amfani mai albarka, amin.