Darasin Rabon Abinci a Lokacin Annoba

Ran 30 ga watan Maris, 2020, Gwamnati ta kulle Ikko saboda cutar korona. Mutanenmu na Agege kuwa da yawa sai sun fita suke samun na tuwo, watau 'yan dako da 'yan garuwa. Sai masu hali suka tara shinkafa da wake da garin kwaki, ni da waɗansu ɗalibai muka ɗauki aikin rabo, don Allah, ba don kuɗi ba.

Ran farko muka yi kuskure, muka yi shela kowa ya zo ya karɓa. Kafin hantsi ƙofa ta cika maƙil, ana ta turereniya, ga shi kuwa cunkoso ne ke yaɗa cutar.

To, ku riƙe wannan. Kada a tara mutane. A bi gida gida a rubuta, a ƙidaya masu ci, sa'an nan a kai wa kowa nasa. Mudun da zai kai gwauro kwana 4, mai 'ya'ya 7 a rana ɗaya zai cinye shi.

Wajen rubutun nan ne muka tarar da wani malamin makarantar kuɗi, an daina biyansa albashi, kunya ta hana shi shiga layi. Nasa da dare muka kai masa.